Me Ya Sa Kwamfuta Ɗaya Ke Ƙin Ɗaukar Hedifon Huɗu a Lokacin Hira?

Tambayar kusan kullum da siga ɗaya take zuwa. Mu huɗu ne a ofis, kwamfutarmu ɗaya, kowa na da hedifon ɗinsa mara igiya, ga taro ta Zoom da wasu mutane da ke Abuja ko Landan. Yaya za mu yi kowa ya ji su, su ma su ji kowa? Wani lokaci malamin Alƙur'ani ne ke koyarwa daga nesa, yara uku 'yan gida ɗaya sun zagaye laftof ɗin babansu. Wani lokaci matasa ne masu shirin hira da suke son ɗorawa a YouTube. Tun daga 2020, da annobar korona ta mayar da taruka kan intanet, ga kuma iyafis na Bluetooth irin su Oraimo sun cika aljihun jama'a, tambayar ta zama ta kowa.

Na ga abin da idona a ofishin wata ƙaramar ƙungiyar mata a Kano. Ofishin a bakin titi yake, 'yan adaidaita sahu na ta danna hon, janareton maƙwabta na ruri a bayan taga, saboda haka sakin murya ta sifikar laftof ba ya yi musu. Shugabar ta shiga kasuwa ta sayo hedifon huɗu iri ɗaya. Ta tambayi mai shago ko za su hau kwamfuta ɗaya, ya ce, "Hajiya, ai Bluetooth har bakwai yake ɗauka, ki je kanki tsaye." Aka haɗa na farko, aka haɗa na biyu, har na huɗu, allon kwamfuta ya nuna duk sun hau. Da aka buɗe taro, a kunnen mutum ɗaya kaɗai murya ke fita. In an juya ta zuwa ga ta biyu, ta farkon sai ta ji ɗif. Haka suka cinye minti 40 suna miƙa wa juna hedifon guda kamar moɗa a bakin randa.

Mai shagon bai shara mata ƙarya ba, bakwai ɗin da ya faɗa tana nan cikin ƙa'idar Bluetooth. Abin da ya kuɓuce masa, kamar yadda ya kuɓuce wa yawancinmu, shi ne wannan lissafin bai shafi hirar murya ba.

## Hawa daban, magana daban

Abubuwa uku muke dunƙulewa a kalmar "haɗawa". Na farko gabatarwa ce, wato ranar da kwamfuta da hedifon suka fara sanin juna, suka yi musayar mabuɗin sirri, kowa ya adana sunan ɗan'uwansa. Kwamfuta na iya riƙe sunaye da yawa haka, har na na'urorin da suka daɗe da lalacewa. Na biyu shi ne na'urar tana kunne, tana kusa, suna taɓa juna a kai a kai. A nan bakwai ɗin ta shigo: a tsarin Bluetooth na asali, jagora ɗaya na iya jan mabiya 7 a lokaci guda, kamar linzami da allon rubutu da firinta da waya. Waɗannan saƙonninsu ƙanana ne, kuma suna iya jira. Na uku shi ne buɗe hanyar da murya za ta bi ta je ta dawo ba yankewa. Wannan hanyar ce ƙunƙuntacciya, ita kuma mai shago ba ya faɗa maka.

Akwai wata kalma da ake bugawa a jikin kwali da ke ƙara rikita mai saye, wato Multipoint. Mutum ya gani sai ya ce ga abin da yake nema. Alhali akasin bukatarsa ce: hedifon ɗaya ne ke riƙe na'urori biyu, misali wayarka da kwamfutarka, don in kira ya shigo ya tsallaka da kansa. Ba ta da alaƙa da kwamfuta ɗaya mai ciyar da kunnuwan mutane da yawa.

## Hanyoyi biyu da ba sa tafiya tare

Duk wanda ya taɓa sauraron karatu a iyafis sai kira ya shigo, ya lura da yadda sauti ke rikiɗa nan take, daga garau ya koma shaƙaƙƙe kamar ana magana cikin tulu. Iyafis ɗin bai lalace ba, hanya ya sauya.

Hanya ta farko ana kiranta A2DP, ita ce ta saurare. Fuska ɗaya take tafiya, daga kwamfuta zuwa kunne, da sautin dama da na hagu, kuma a ingancinta na sama na yau da kullum tana kwasar kusan kilobit 328 a sakan. Muddin ana kanta, makirfon hedifon a kulle yake. Tana kuma tara sauti kaɗan kafin ta saki don kada ya riƙa yayyankewa, shi ya sa take da jinkiri da kan kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A wajen jin waƙa ba wanda zai damu da wannan.

Ta biyu ita ce HFP, wadda aka tsara don amsa waya, musamman ga direba da hannunsa ke kan sitiyari. Ita tana zuwa tana dawowa, amma kilobit 64 ne rabonta, kuma sauti ɗaya ne a kunnuwa biyu. A tsohon tsarinta sau 8,000 a sakan take ɗiban samfurin murya, daga baya aka ƙara zuwa 16,000. A kwatanta da faifan CD da ke ɗiban 44,100. Abin da ake yasarwa a wannan ragin shi ne siraran amo na sama, inda bambancin s da sh da ts da f yake zaune. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin tajwidi da ke son ya tantance ko yaro sinun ya furta ko shinun ko sadun. Na sha jin malamai suna cewa "maimaita, maimaita" ga yaron da ya karanta daidai, laifin na makirfon Bluetooth ne da ya aske bakin harafin kafin ya isa kunnensu.

Masu Windows 10 za su tuna cewa hedifon ɗaya kan bayyana sau biyu a jerin na'urorin sauti, ɗaya da sunan Stereo, ɗaya da Hands-Free. Waɗannan hanyoyi biyun ne. Windows 11 ta haɗe su a suna ɗaya tana juyawa da kanta, amma juyawar tana nan.

Da wannan za a gane dalilin da ya sa wani zai ce, "To ai wayata tana ɗaukar iyafis biyu." Gaskiya ne. Samsung ya fito da Dual Audio tun a Galaxy S8 a 2017, Apple ma ya kawo raba sauti tsakanin AirPods biyu a 2019. Dukkansu na saurare ne, don mutum biyu su kalli fim ko su ji karatu tare. Ba sa buɗe makirfo biyu su zuba su cikin kira ɗaya.

## Rabon ruwa a cikin iska

An fara ƙera Bluetooth a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1994, injiniya Jaap Haartsen na cikin jagororin aikin, kuma a 1998 Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idarsa. Burinsu ƙarami ne: a cire igiyar da ke tsakanin waya ɗaya da iyafis ɗaya. Ba su zauna da majalisar mutum huɗu a ransu ba, kuma wannan asalin har yau yana bin sa.

Yana aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda aka yanka tashoshi 79, yana tsalle daga wannan zuwa waccan sau 1,600 a sakan. Kowane tsalle gurbi ɗaya ne na lokaci, kuma a gurbi ɗaya na'ura ɗaya ce ke magana. Wanda ya san rabon ruwa a noman rani ya riga ya gane tsarin: magudana ɗaya ce, kowace gona da sa'arta. Linzami zai iya haƙuri a ba shi ruwa in an samu rara. Murya kuwa ba ta jira, sai an keɓe mata gurabenta tun kafin a fara. A tsarin asali, kira ɗaya yana kama gurbi 2 cikin kowane 6, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Ke nan kira 3 sun cinye magudanar ƙaf, ba a bar ko ɗigo ba ga linzami, balle sake aika abin da ya ɓace a hanya. Daga baya an samu tsare-tsaren da suka rage wannan kaso, amma masu ƙera guntayen Bluetooth na cikin kwamfuta da masu rubuta Windows da macOS sun tsaya a kan kira ɗaya a lokaci guda, domin shi ne abin da kusan kowa ke bukata.

Sai wani ya ce to a sayo ƙarin Bluetooth, ɗan abin nan mai kama da filashi, a soka a kwamfuta, kowane hedifon da nasa. Windows ba ta yarda da wannan, rediyon Bluetooth ɗaya take aiki da shi, in ka soka na biyu sai ka kashe na farko. Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ta yarda, tana iya tafiyar da biyu ko uku. Ko a can ɗin, duk a zango ɗaya suke ihu, tare da Wi-Fi na ofis da MiFi da ke kan tebur da wayoyin duk wanda ke ɗakin. Har ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe, yana fitar da hayaniyar da ke damun wannan zango, abin da Intel da kansa ya bayyana a 2012. Shi ya sa ɗan tsawaita filashin Bluetooth ɗin da igiyar USB, a nesanta shi daga jikin kwamfuta, kan gyara sautin da ke yankewa.

## Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba

A ɗauka an warware batun iska, muryoyi huɗu sun iso cikin kwamfuta lafiya. Tsugune ba ta ƙare ba. Buɗe saitin Zoom ko Teams ko Google Meet ko WhatsApp na kwamfuta ka duba: gurbin makirfo ɗaya ne, gurbin sifika ɗaya. Mutum ɗaya manhajar ta sani a gaban kwamfuta. Dole a samu wani abu a tsakani da zai gauraya muryoyi huɗun su zama ɗaya kafin a miƙa mata, ya kuma raba muryar da ke zuwa daga nesa gida huɗu. Aikin miksa ke nan, irin wadda ake gani a gidan rediyo ko wajen wa'azi, ko dai ta ƙarfe mai maɓallai ko ta manhaja.

Gaurayawar ma da ƙa'idarta, kuma a nan mafi yawan masu gwaji ke faɗuwa. Kowane mutum ya kamata ya ji kowa ban da kansa. In aka mayar wa na nesa da muryarsa, zai riƙa jin amsa-kuwwar kansa bayan kowace jimla. In aka mayar wa na cikin ɗaki da tasa muryar bayan ta makara da kashi ɗaya cikin biyar na sakan, harshensa zai fara sarƙewa, ya riƙa in'ina ko da bai taɓa yi ba, domin ƙwaƙwalwa na dogara da jin muryar mutum nan take wajen daidaita furuci. Ma'aikatan rediyo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa mai kiran waya a shirin kai-tsaye ake aika masa sautin situdiyo an cire nasa, kuma shi ya sa mai gabatarwa ke roƙonsa ya rage ƙarar rediyonsa.

Zama a ɗaki ɗaya yana ƙara wata damuwa da waɗanda ke nesa da juna ba su da ita. Muryar wadda ke kusa da ke za ta iso kunnenki sau biyu, ta iska nan take, sannan ta hedifon a makare. Makirfonki kuma zai tsinci muryarta, ya aika ta a wani lokaci daban da wanda nata makirfon ya aika. Na nesa sai ya ji mutum ɗaya kamar yana magana a ɗakin da ba kaya. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150 in ana son hira ta tafi yadda aka saba. Intanet ɗinmu kaɗai kan ci kaso mai tsoka a ciki kafin Bluetooth da miksa su ɗora nasu.

Akwai kuma batun agogo. Kowace na'urar sauti da nata agogon da take ƙirga samfuran murya da shi, misali 48,000 a sakan, kuma ba agogo biyu da ke tafiya daidai wa daida. A minti biyar na farko ba za a ji komai ba. Bayan rabin awa sai a fara jin ƙas-ƙas, ko wani ya riga wani ji. Irin wannan matsalar ce ke sa a gwada da safe komai lafiya, a zo tsakiyar taro abin ya watse.

## Masu cewa yana yiwuwa

Suna da gaskiyarsu, kuma ban raina ƙoƙarinsu ba. Dabararsu ita ce a kauce wa Bluetooth ɗin cikin kwamfuta gaba ɗaya. Akwai hedifon da ke zuwa da nasa ɗan filashin a cikin kwali, irin na masu wasannin kwamfuta da na ofisoshin amsa kira. Wannan filashin shi ke yin duk aikin rediyo da kansa, kwamfuta kuwa tana ganinsa a matsayin katin sauti na USB kawai. Ka soka uku, kwamfuta ta ga katin sauti uku, ba ruwanta da cewa ta iska suke tafiya. Iyakar kira ɗaya ta kau ke nan.

Saura gaurayawa. A Windows, manhajar da aka fi sani ita ce Voicemeeter ta kamfanin VB-Audio: ƙaramarta na karɓar makirfo 2, wadda ake kira Banana na karɓar 3, Potato kuma 5, sannan ta fito wa Zoom a matsayin makirfo ɗaya. A kwamfutar Apple akwai Audio MIDI Setup da ke zuwa a ciki, inda ake ɗaure na'urori da yawa su zama ɗaya, har da maɓallin gyara saɓanin agogo. A Linux, manhajar PipeWire na barin mutum ya ja sauti daga duk inda yake so zuwa duk inda yake so.

Injiniyoyin sauti ba sa musun cewa wannan na aiki. Abin da suke cewa shi ne yana aiki ne muddin wanda ya ɗaura shi yana zaune a wurin. Batirin mutum ɗaya ya mutu, ko aka zare filashi aka mayar da shi wani rami, sai jerin na'urori ya sauya, a koma neman wane ne wane ana tsaka da magana da baƙi. Ni ma nan na karkata. In a ofis akwai matashi mai sha'awar irin wannan, kuma shi zai riƙa zama kowane taro, a bar shi ya ɗaura, zai koyi abu mai amfani. In kuwa za a ɗaura ne a tafi a bar wa Hajiya da ma'aikatanta, an bar musu abin da zai ba su kunya ranar da suka fi bukatarsa.

## Kayan da aka ƙera don wannan aikin

Akwai fasahar da tun asali don muryoyi da yawa aka yi ta, sai dai ba a cika jin sunanta a kasuwanninmu ba. Sunanta DECT, ita ce ta wayoyin tebur marasa igiya, kuma a Turai aka kafa ƙa'idarta a farkon shekarun 1990. Tana da zangonta na kanta, megahaz 1880 zuwa 1900, nesa da cunkoson Wi-Fi. An yanka shi tashoshi 10, kowace na ɗaukar hira 12 mai zuwa da dawowa, jimla 120. A fili tana kai wa fiye da mita 100, inda Bluetooth na yau da kullum ke fara sanyi bayan mita 10.

Hedifon DECT na zuwa da mazauninsa, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta USB. A nau'o'i irin su Jabra Engage da Poly Savi, ana iya shigar da hedifon har 4 cikin kira ɗaya ta mazauni ɗaya: baƙo ya ɗora nasa a mazaunin ko ya danna maɓalli, mai masauki ya amince, shi ke nan. Gaurayawar duk a cikin mazaunin ake yin ta, kwamfuta na'ura ɗaya take gani, Zoom ma haka. An yi wannan ne don horar da sababbin ma'aikatan amsa kira, inda shugaba ke sauraron ɗalibi yana kuma iya sa baki, amma ya dace da bukatar ofis mai mutum huɗu kamar an auna.

Tsada ce matsalarsa, don haka da yawa za su nemi na hannu. A nan a kula sosai. Na Amurka, wanda ake rubuta wa DECT 6.0, a megahaz 1920 zuwa 1930 yake aiki, saboda haka hedifon da aka kwaso daga can ba zai hau mazaunin da ya fito daga Ingila ba ko da sunansu da kamanninsu ɗaya. Duk wanda zai tsinto su ɗaya-ɗaya a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, ya duba lambar yanki a ƙasan mazauni da jikin kowane hedifon, ya kuma sa a shigar da duka cikin kira ɗaya a gabansa kafin ya biya. Batirin na hannu ma abin dubawa ne, domin magana ta fi saurare cin caji nesa ba kusa ba.

In kuwa mutanen junansu kawai suke son ji, kamar ma'aikatan ɗaukar fim ko masu kula da babban taro, kwamfuta ba ta da wuri a lissafin. Akwai hedifon irin su Hollyland Solidcom da Eartec da ke magana da juna kai-tsaye, ɗaya jagora sauran mabiya, ba intanet ba data.

## Sabon Bluetooth zai kawo ƙarshen matsalar?

A watan Janairun 2020 aka sanar da LE Audio, sabon tsarin sauti na Bluetooth, aka kammala ƙa'idojinsa a 2022. Ya zo da sabuwar hanyar matse sauti mai suna LC3, wadda ke rage faɗuwar inganci idan an buɗe makirfo. Ya kuma zo da Auracast, wanda ke mayar da waya ko kwamfuta ƙaramar tashar rediyo: duk wanda ke kusa da iyafis mai wannan fasaha zai iya kamawa, ba iyaka ga yawan masu saurare. Ina hango amfaninsa a wajen tafsiri ko lacca mai fassara, da kuma ga masu na'urar taimaka wa ji. Windows 11 ta fara karɓar LE Audio a 2023, kuma a ƙarshen 2025 Microsoft ya fara gwajin raba sauti zuwa hedifon biyu a wasu sababbin kwamfutoci.

Sai dai Auracast rediyo ne, kuma rediyo ba ya jin mai sauraronsa. Ya warware rabin tambayar, wato kowa ya ji, ya bar rabin na a ji kowa. Sannan ganin Bluetooth 5.2 ko 5.3 a jikin kwali ba ya nufin na'urar na da LE Audio, domin zaɓi ne ga mai ƙerawa, kuma dole kwamfuta da hedifon su zama duk suna da shi. Laftof ɗin hannu da yawancin ofisoshinmu ke amfani da su sun girme shi.

## Ga mai ƙaramin ƙarfi

Kafin a fitar da ko sisi, a tambayi kai: mutum nawa ne za su yi magana da gaske? A taruka da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke magana, sauran saurare suke yi. In ɗakin shiru ne, ƙaramar sifikar taro ta USB da ake ajiyewa tsakiyar tebur ta wadatar, tana da makirfo a jikinta kuma tana kashe amsa-kuwwa da kanta. In kowa na da waya da data, kowa ya shiga kiran da wayarsa da iyafis ɗinsa, WhatsApp na ɗaukar mutum 32 a kira ɗaya. Sharaɗin shi ne a rarrabu ɗaki-ɗaki, ko kowa ya kulle makirfonsa sai zai yi magana, kuma a san cewa data za ta ninka sau yawan mutanen. In hirar ta cikin gida ce, manhajar Mumble kyauta ce, ana iya mayar da kwamfuta ɗaya cibiya, wayoyi su shigo ta Wi-Fi ba tare da an taɓa intanet ba.

Masu shirin hira kuwa, ina roƙonsu su haƙura da mara igiya. Ƙaramar na'ura irin PodTrak P4, ta wani kamfanin Zoom na Japan wanda ba shi ne na manhajar taro ba, tana da ramin makirfo 4 da na hedifon 4, tana cire wa baƙon waya muryarsa da kanta, kuma tana aiki da batiri AA guda 2 in an ɗauke wuta. Igiya ba ta da jinkiri, ba ta neman caji, Wi-Fi ɗin maƙwabci bai dame ta ba.

Abu ɗaya da ba na na'ura ba: in kunnuwa huɗu ke kan layi, a faɗa wa na can ɓangaren tun a gaisuwa. Shi suna ɗaya yake gani a allonsa, yana iya sakin maganar da mutum ɗaya ya nufa da ita. Wannan amana ce.

Ofishin matan nan daga baya igiya suka koma. An samo musu ɗan marabin sauti mai ramuka biyar wanda ba ya bukatar wuta, aka soka shi a ramin hedifon na laftof, kowa ta sa iyafis mai igiya na 'yan kuɗi kaɗan. Makirfon USB ɗaya aka ajiye a tsakiyar tebur a kan nannaɗaɗɗen mayafi don kada ya riƙa ɗaukar motsin takardu, ana rufe taga in an fara, mai magana ta ɗan matso. Hedifon huɗun nan kuma kowa ta haɗa nata da wayarta. Da na koma bayan 'yan makonni na tarar da su tsakiyar taro, su huɗu sun sunkuya kan tebur, igiyoyi sun fito daga ƙarƙashin hijabai sun haɗu wuri ɗaya, Hajiya na karanto lissafin kuɗin wata, ta kusa da ita na nuna mata layi da biro.